Gonar Ramlat

Ranar Talata, kwana arba'in da uku da binne matata Ramlat, murfin na'urar wasanta ya kumbura.

'Yarmu Sakinatu ce ta saya mata ita lokacin da aka fara yi mata wankin ƙoda a Kano, sau biyu a mako, awa huɗu a kwance. Aba ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba, da gilashi a tsakiya da maɓallai a gefe. Wasa ɗaya Ramlat take yi a ciki, na noma: a share, a shuka, a yi ban-ruwa, a girbe. Ni kuwa na yi shekara talatin da ɗaya ina malamin gona a ƙasar Gezawa, na karanta abin da ya fi ƙarfin aikin, kuma ban taɓa iya riƙe bakina ba. Kullum na gan ta da ita sai in ce, "Sannu da aiki, sarkin noma. Yau buhu nawa?" Takan ce, "Ya fi na rahotonka." Shekara biyu muna haka.

Bayan rasuwarta nakan kunna abin da hantsi in duba. Ba na taɓa komai. Ranar da ya kumbura, minti ashirin ya yi ya ɗauke.

Na kai wa Kamilu mai gyaran waya a kasuwar Gezawa, mutumin da ya yi furfura a kan teburin gyara. Ya juya ta, ya gwada sukudireba uku, ya ajiye.

"Malam Tahir, wannan ba a yi ta don a buɗe ba. Notin nasu ne su kaɗai, batirin kuma manne yake. Ko na fasa na canza, ban ba ka tabbacin ta tashi ba."

"Batirin bai dame ni ba. Gonar nake so. Ka kwafe ta a memori."

"Ba ta fita. Sun ɗaure ta da na'urar da kuma asusun Hajiya. Ka san lambar sirrinta?"

"Da na san sirrinta da ban zo wurinka ba."

Ya yi dariya, ya jawo wata na'urar daga aljihun tebur, baƙa, mummuna, duk ta goge. "Ga tawa. Wannan kowa na iya kwance ta. Wasan da ka ga dama ka sa, har irin na Hajiya akwai. Abin da ka yi a ciki yana kan katin nan, ka zare ka sa a wata. Sai dai takan yi gardama, ba ta da santsin waccan."

Na gane zancen tun bai ƙarasa ba. Ni ne na yi shekaru ina raba wa manoma irin masara na kamfani, mai kyau a shekarar farko, wanda in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi sai ya watsa maka ƙasa a ido. Tsofaffi suna ce mini irin da ba ya ajiyuwa aro ne. Ina rubuta su a rahoto a matsayin masu taurin kai.

Sakinatu ta taya ni rubuta wa kamfanin ta imel. Suka amsa da ladabi cewa suna taya mu baƙin ciki, amma mai asusun ce kaɗai za ta iya neman a mayar da ajiyarta wata na'ura. Na ce ta rubuta musu cewa mai asusun tana gabas da gari ƙarƙashin bishiyar marke, su je su same ta. Sakinatu ta ce, "Baba, don Allah." Ba ta aika ba.

Na koma wurin Kamilu na sayi irin tasa.

"Ba za ta karanta gonar waccan ba fa, Malam."

"Ni zan karanta."

Ya ce in bar kumburarriyar a kan siminti, nesa da katifa, in kuma yi sauri don kwananta ya kusa ƙarewa. Kowace safiya sai in sa ta caji a sola, in zauna a zaure da littafin lissafi mai gida-gida na yara. In kunna, in zana abin da na gani har ta ɗauke. Rijiya a nan, akurki a can, awaki huɗu da sunayensu. Ramlat ta sa wa ɗaya suna Rahoto. Da rana in ɗauki sabuwar da yatsun da ba su saba ba, in share, in shuka, gida bayan gida. Minti ashirin ya koma sha biyu, ya koma bakwai.

A rana ta tara na isa babban filin. Ina zana layukan hatsi daga gabas zuwa yamma, sai na ga wake ya ratsa su daga kudu zuwa arewa, kowane taku uku. Gicci ne, shukar da mahaifin Ramlat yake yi a Tofa kafin a yanka gonarsa filoti-filoti. Ita ce shukar da na yi rayuwata ina hana mutane, ina cewa ba ta cikin littafi. Wasan bai san gicci ba, bai ƙara mata ko ƙwaya ɗaya saboda shi. Ita dai ta jera shi da hannu, shekara biyu, da allura a jijiyarta, kuma ba ta kuskure layi ko ɗaya ba.

Na gama zanen a rana ta goma sha ɗaya. Washegari na danna, gilashin bai haska ba.

Sauran aikin ya ci mini wata guda. Da na kammala, Kamilu ya kwafe mini a kati uku. Ɗaya yana cikin na'urar, ɗaya wurin Sakinatu, na ukun na naɗe a leda na jefa cikin gorar da Ramlat take ajiye irin wake.

Na san ba gonarta ba ce, kwafin hannuna ne. Ina yi mata ban-ruwa kowace safiya duk da haka, kuma ban gyara mata layi ko ɗaya ba. Sau ɗari ta miƙo mini abin nan tana cewa, "Malam, duba ka gani," ni kuma ina neman abin da zan faɗa mai kaifi. Abin da ya kamata in ce gajere ne: Ramlat, kin iya noma.