Benen da Baba Kambai Ya Yi wa Ɓerayen Masar

Bakin Baba Kambai ne ya jawo masa, ba wani ba. Kwanansa biyu da sauka London, ko gajiyar jirgi ba ta gama sakinsa ba, ya tsaya a falon 'yarsa Dinatu a Tottenham, hannu a baya, yana leƙen kejin da ke gindin taga. Ɓerayen masar biyu ne a ciki, ɗaya fari sol, ɗaya ja, kowanne ya yi ɓul-ɓul kamar an hura shi. Na jikarsa ne Sharon, 'yar shekara tara. Farin sunansa Biskit, jan kuma Koko. Eh, har da suna.

"Amaryata," in ji shi, don haka yake kiranta tun ana nuna masa ita a waya, "waɗannan ai sun isa yanka. Kawo wuƙa, ki daka mini yaji, ni zan yi fiɗa."

To, a garinsu Zonkwa wannan wasa ne. Kaka ya tsokani jika, jika ta rama, ta ce masa tsoho mai wawulo, a kwashe da dariya a watse. Shi ramuwar yake jira. Amma ita 'yar London ce. Hausa tana jinta tas, amsawa ce sai da Turanci, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata akwai irin wannan wasa a duniya. Ta juya ta tambayi uwarta ko da gaske ana cin su a can. Dinatu kuwa, baiwar Allah, maimakon ta rufa wa ubanta asiri, sai ta ce, "Ana ci mana. Kakanki ma ya fi kowa so."

Shi ke nan. Washegari kwaɗo ya bayyana a ƙofar keji, makulli a wuyan Sharon da zare. Kafin ta tafi makaranta sai ta ƙirga su, in ta dawo ta sake ƙirgawa. Abu biyu, jama'a, amma sai an ƙirga. Baba kuwa daga bakin ƙofa ake jefo masa "Morning" a wuce. In ya zauna a kujera ta tashi. In ya ce "Amaryata", ta sa abin jin kiɗa a kunne.

Ya ɗauka fushin kwana biyu ne. Aka yi wata, aka yi biyu, aka yi biyar. A gaban mutane yana mai da abin dariya, yana cewa amaryarsa ta yi yaji tana cikin gida. Amma in Dinatu ta tafi asibitin da take aikin nas, gida ya yi tsit, sai ya zauna ya yi tagumi. Shi ba gine-ginen Turawa ya zo gani ba. Yarinyar nan ya zo gani. Ga shi saura kwana tara ya koma, kuma a shekarunsa ba ya yi wa kansa alkawarin zai sake hawa jirgi.

Ana cikin haka sai ɓerayen suka fara faɗa. Maza ne duka biyun, sun girma, wuri ya yi musu kaɗan. Ran Talata Koko ya yaga wa Biskit kunne. Dinatu ta duba kunnen ta yanke hukunci: babban keji ba shi da wurin zama a ɗan gidan nan, don haka ran Asabar Koko zai koma gidan wata abokiyar aikinta. Sharon ta yi kuka har abincin dare ta ƙi ci.

Baba kuwa ya matso gindin taga. Ya kalli kejin, ya kalli saman kejin. Shekara arba'in da ɗaya yana kafinta a Kafanchan. Da safe, bayan yarinya ta fita, ya tare Dinatu a kicin.

"In ba fili a ƙasa, ai akwai a sama. Bene zan yi musu."

"Baba, don Allah kar ka taɓa mata abu. Ka ga yadda ake ciki."

"Ai ba abin da zan ƙara ɓatawa. Kina da ɗayan makullin ko ba ki da shi?"

Tana da shi. Ran Alhamis ta ajiye masa a kan firij ta tafi aiki, tana cewa ita ba ruwanta.

Kayan aiki a ƙofar da ke kallon tasu ya samo, gidan Issahaku direban bas, mutumin Kumasi. Issahaku ya ba shi diril na huda katako da zarto da wasu katakai na tsohuwar kanta. Matarsa Katumi kuma ta biyo kayan da kanta, wai ta taya shi ɗauka. Katumi ita ke ɗauko Sharon daga makaranta in Dinatu na aiki. Mace ce mai kirki, sai dai magana ba ta kwana a cikinta, ko wuni ma da ƙyar.

Baba ya kwashe ɓerayen ya zuba a kwandon wanki, ya duƙufa. Da takin hannu ya auna, bai nemi tef ba. Ya yanka katako, ya goge gefensa har ya yi santsi, ya kafa ƙafafu huɗu, ya ɗora bene a rabin kejin, ya kewaye shi da ɗan shinge kar wani ya faɗo. Sai tsani. A nan ya yi kuskure, ya yi irin na akurkin kaji, a miƙe, da 'yan sanduna. Ya maido ɓerayen. Suka zo suka sansana tsanin, suka juya masa baya.

"Baba, waɗannan ba kaza ba ne fa," in ji Katumi da Hausarta ta zango. "Ka ga ƙafansu? Kamar nawa, gajere."

Ya cire. Ya yi wani mai tsawo, a kwance, ya sa masa bango a gefe, ya lulluɓe shi da tsohon tawul don kar ƙafa ta zame. Sannan ya tuna ɓeran masar ba ya zama a fili, sai da wurin ɓuya. Ya waiga, ya waiga, idonsa ya sauka a kan ƙwaryar ado da Dinatu ta rataye a bango, mai zanen ƙuna, wadda ta ɗauko tun daga gida. Katumi ta dafe ƙirji. Baba ya sauko da ita, ya yanka mata 'yar ƙofa, ya kife ta a saman bene, ya tura ciyawa ciki.

Ɓeraye suka ƙi hawa. Ya jera musu karas a kan gangarar, suka ci na ƙasa suka bar na sama. Ya ɗora Biskit da hannu, Biskit ya daskare kamar dutse yana rawa, dole ya sauko da shi. Har ƙarfe biyu da rabi ana abu ɗaya. Baba ya zauna a ƙasa, baya na ciwo, ya ce a ransa aikin banza ya yi, ga ƙwaryar mutane ya ɓata.

Katumi ta tausaya masa, ta je ta kawo masa farfesun kaza a kwano, na wuya da fukafukai, mai ƙananan ƙasusuwa. Ta ajiye a tebur ta wuce makaranta. Shi kuma ya ɗan taɓa, ya tsotse ƙashi biyu uku ya jera a murfi, sannan ya kwashi diril da zarto ya mayar wa Issahaku. Suka tsaya a bakin ƙofa, kun san maza, ana maganar katakon Turai da ba shi da nauyi.

Da ya dawo, Koko ne kaɗai a keji. Ƙofar keji a buɗe, shi ya manta bai rufe ba. Ƙofar baya ma a buɗe, shi ya buɗe ta don ƙurar katako ta fita. A kan katangar lambu kuma ga wata ƙatuwar kyanwar maƙwabta a zaune tana lasar hannu.

 Tsoho ɗan saba'in da huɗu ya durƙusa yana rarrafe. Ya ja kujera, ya leƙa bayan firij, ya zazzage kwandon wanki, ya fita lambu ba takalmi yana kiran "Biskit! Biskit!" kamar ɗan'uwansa ne ya ɓata. Ya jefi kyanwa da takalmin Dinatu. Ya dawo ya ɗauki wuƙar da ya yanka ƙwarya da ita, ya kwanta rub da ciki yana zura ta ƙarƙashin injin wanki ko zai ji motsi.

A haka Sharon da Katumi suka same shi. Ita kuma Katumi tun a hanya ta riga ta fesa wa yarinya cewa kakanta ya buɗe keji yana ta yanke-yanke tun safe.

Sharon ta kalli keji. Ɗaya. Ta kalli wuƙa a hannun kakanta. Ta kalli tebur, ga kwano, ga romo, ga 'yan ƙasusuwa a jere a murfi. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi sauƙi. Jakarta ce ta zame ta faɗi.

"Kaza ne! Wallahi kaza ne, ni na dafa!" in ji Katumi. Sai kuma ta ɗan matso ta rage murya, amma ba ragewar da za ta hana kowa ji ba. "Baba, ba dai ka ƙara wani abu a ciki ba ko?"

"Katumi, don girman Allah ki yi shiru."

Ya ajiye wuƙar. Yana kallon fuskar yarinyar sai uwarsa ta faɗo masa a rai, can a Zonkwa, da ɓerayen masar ɗinta a lungun madafa. Bai taɓa ganin ta bi ɗaya da gudu ba. In an yi hayaniya lafewa suke yi, ko numfashi ba ka ji. Ita zama take yi, ta murza ganyen dankali, su yi ta kuka suna fitowa. Shi kuwa rabin awa ya yi yana jan kujeru da kururuwa.

"Amar..." ya katse. "Sharon. Zauna nan. Ban taɓa shi ba. Ki ba ni minti biyu, kowa ya yi tsit."

Ba ta zauna ba, amma ba ta tafi ba. Ya buɗe firij ya ɗauko ledar alayyafo, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Ya jira har aka fara jin ƙarar agogon bango. Sannan ya murza ledar a hankali.

Koko ya amsa nan take, kwi-kwi-kwi. Baba ya sake murzawa. Sai ga wata murya ta biyu, siririya, ba daga lambu ba, ba daga bayan firij ba. Daga sama. Ƙwaryar Dinatu ta yi motsi. Wani farin hanci ya leƙo ta 'yar ƙofar, da ciyawa a baki, sai kunne mai tabo, sai Biskit gaba ɗayansa. Ya tako gangarar nan a natse kamar mai gida na saukowa daga benensa a gaishe shi.

Ashe da falo ya yi shiru ɗan banzan ya hau abinsa. Baba ya duba ko'ina a gidan nan ban da wurin da ya gina da hannunsa, don ya riga ya yanke ba za su taɓa hawa ba.

Wata ajiyar zuciya da Baba ya sauke, Issahaku ya ce har gidansu ya ji. Ya jingina da firij yana ta "Na gode, Ubangiji, na gode." Katumi ta rangaɗa guɗa. Sharon ta ɗauki Biskit ta duba shi ciki da baya, ta ƙirga ƙafafunsa ma, sannan ta mayar. Ya ci alayyafonsa ya sake hayewa sama. Koko ya bi shi da ido, ya miƙe a ƙasa shi kaɗai, ya samu fili.

Sai a lokacin ta kalli aikin. Ta shafa gefen katakon, ta taɓa shingen, ta gwada girgiza benen bai motsa ba. Ta tambaya da Turanci ko shi ya yi. Ya ce shi ne. Ta tambaya don me. Ya ce don kar a raba amaryarsa da dukiyarta ran Asabar.

"Ke ba ki san wasa ba ne," in ji Katumi. "Kaka da jika haka ake yi. In ya tsokane ki, ki rama, wanda ya fi zafi. Ba laifi ba ne. Ni kakana har hulansa nake ɓoyewa."

Sharon ta juyo. Ta kalli kakanta daga sama har ƙasa, garin katako a gashinsa, gwiwar wando ta yi baƙi, ga tumbin da girkin Dinatu ya ajiye masa a wata biyar. Ta sa yatsa ta tsokani tumbin. Sannan a hankali, tana tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta ce da Hausa:

"Kaka. Ka yi ƙiba. Kai ma ka isa yanka."

Baba ya yi dariya har da hawaye, har sai da aka ba shi ruwa. "Kun ji ta ko? Kun ji muguwar mata? To kawo wuƙar, ga ta can!"

"Aunty Katumi, daka yaji," in ji Sharon.

Da yamma Dinatu ta dawo ta tarar da su biyun a ƙasa, kai da kai, suna gardamar inda za a rataye kwalbar ruwa ta biyu. Ta tsaya a ƙofa da jakarta. Ta ga bene. Ta ga ƙusa a bango ba ƙwarya. Ta buɗe baki, sai ta ga makullin nan mai zare a wuyan ubanta, ta mayar da bakinta ta rufe. Takalminta ɗaya ne dai ta yi ta nema har washegari, aka tsinto shi a lambun maƙwabta.

Asabar ta zo ta wuce, Koko na nan. Faɗa bai ƙare ƙaf ba, amma yanzu in an fara Biskit sai ya haye sama ya shige ƙwarya ya bar shi da haushinsa. Sauran kwanakin Baba kuwa bai huta ba. Hularsa ta ɓata sau uku, sau ɗaya a firij aka same ta.