Ranar da Aka Leƙa Kan Rediyo

Shekara talatin mai askin nan yana surutu a kan kawunan mutane, har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Rediyo yake ce masa. Ka zauna a kujerarsa da suma, ka tashi da labarin unguwa kaf. Sai ga shi muryar ta fara sarƙewa. Zai ce "sannu da zuwa", maganar ta maƙale a tsakiya kamar an shaƙe shi da tawul. Ya sha zuma, ya sha ruwan ɗumi, ya shanye maganin tari kwalba huɗu. Ko gezau.

Abin haushin, dariya lafiya lau take fita, waƙa ma haka. Wata safiya matarsa tana shanya a tsakar gida ta jiyo shi a banɗaki yana rera waƙa garau, har da jan murya. Ya fito, ta tambaye shi ko zai sha shayi, sai ya hau kakari.

"Au!" in ji ta. "Bokiti ne ke samun murya mai daɗi, ni kuma sai shaƙewa? In ka gaji da ni, Malam, ka faɗa."

To da wace muryar zai faɗa? Ya yi ƙoƙarin bayani, abin ya ƙara dagulewa. Ranar Laraba ta haɗa akwati ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce Asabar za ta koma gidan 'yarsu, in ya shirya magana ya aiko. Rediyo ya tsorata ƙwarai, tsoron da bai taɓa ji ba tunda aka haife shi.

Likitan maƙogwaro ya riga ya leƙa bai ga ƙari ba, ya tura shi wurin wata likitar ƙwaƙwalwa da ke bincike a kan masu irin lalurarsa. Ranar Juma'a aka ba shi. Matarsa ta ce za ta raka shi, ta ga ƙarshen ƙarya.

Kafin a shigar da shi na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ce ya fid da duk wani ƙarfe. Daga aljihunsa aka zaro almakashi biyu da reza da wani ɗan madubi. Sannan aka kwantar da shi, aka tura shi ciki kamar burodi a tanda. Na'urar ta hau ƙwanƙwasa.

"Baba," in ji likitar ta lasifika, "ka zaɓi jimla ɗaya, kowace iri. Ka faɗe ta sau goma da magana, sau goma da waƙa."

Mutumin da ya san labarin kowa ya lalubi kansa, bai tarar da komai ba sai abu ɗaya. Bai kuma san an zaunar da matarsa kusa da likitar, tana jin komai ba.

"Ki... ma-mayar... da akwa... tin nan... ɗaki."

Sau goma ya yi wannan daga, gumi na zubo masa. Aka zo waƙa, sai ga murya tangaram: "Ki mayar da akwatin nan ɗaaaki!" Har da 'yar karya murya a ƙarshe, don ba ya son aikin ha'inci. Mai kula da na'urar ya kifa kai a tebur yana shessheƙar dariya.

Bayan an gama, likitar ta nuna musu hotunan. Matarsa ta gyara tabarau ta ƙura ido. "Ikon Allah," ta ce. "Ashe akwai ƙwaƙwalwar a ciki."

"Akwai, Mama," in ji likitar, "kuma ba ƙarya yake ba. In zai yi magana, ƙwaƙwalwa tana aika wa tsokokin maƙogwaro saƙon da ya wuce kima, sai su ɗaure. Waƙa da dariya ba ta nan suke bi ba. Ba mu gama gano dalili ba, shi ya sa muke bincike. Akwai allurar da ke sassauta tsokar na 'yan watanni, amma magana za ta riƙa ba shi wuya."

Shi da matarsa suka koma gida. Akwatin na nan a bakin ƙofa. Rediyo ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi zai rera.

"A'a," in ji ta. "Waƙar ka ajiye wa bokiti. Da ɗaya muryar nake so."

Ya faɗa, kalma bayan kalma, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe. Ya kusa minti guda. Ita da ba ta taɓa barin mutum ya kai aya ba, ta tsaya ta jira har ya gama.

"To, kai shi ciki."

Ya sunkuya ya ɗauka da hannu ɗaya, akwatin ya ƙi tashi. Sai da ya sa hannu biyu. Ashe da gaske take.