Yashi a Kan Gamba

Hantsi ne, amma zafin bazara ya riga ya sauka a Masanawa kamar azahar ta yi. Ɗanladi yana tsaye a bayan dangarsa da ƙwaryar dusa a hannu, awaki suna ta yi masa kuka, shi kuwa idonsa yana kan maƙwabcinsa, Malam Hammadu. Tsohon ya durƙusa a bakin ramin fandisho, wato harsashin gini, ya girgiza turken da aka ɗaura wa igiyar awo har ya zare shi. Ya tsaya ya yi tari mai tsawo, sannan ya kafa turken a wani wurin, ya buga da dutse.

"Ya kuma," in ji Ɗanladi.

Matarsa Furera tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Wa ya kuma me?"

"Baba Hammadu. Ya sake taɓa igiyar nan."

"To ai filinsa ne."

"Filinsa yana da ƙarshe, Furera. Inda ya ƙare, nan namu ya fara."

Gida ake gina wa ɗan tsohon, Abdulmumini, mai sayar da taya a Kano, wanda yake so ya dawo da iyalinsa kusa da iyaye. Tsakanin filin da 'yar gonar bayan gidan Ɗanladi ba katanga, sai layin gamba da mahaifinsa ya dasa kafin ya rasu. Ranar da tifa ta kawo yashi, daidai kan gambar ta juye shi. Iyaka ta ɓace ke nan. Tun ranar Ɗanladi bai ƙara jin daɗin tuwo ba.

"Direba ne fa ya juye," in ji Furera.

"Wa ya nuna wa direban wuri?"

"To ka je ka tambayi Baba Hammadun mana, maimakon ka tsaya kana leƙe kamar mai dakon kaza ta yi ƙwai."

Ya je ɗin. Ya durƙusa, aka yi ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya Inna Uwaliya, yaya shanu, har gaisuwa ta ƙare tambayar ba ta sami hanyar fita ba. Ya saci kallon ƙasa. Ramukan turke ne birjik, ba ka gane tsoho ba ka gane sabo.

"Ɗan nan, a ganinka igiyar nan ta miƙe?" tsohon ya tambaya.

"Ni ban san aikin gini ba, Baba."

"Ni ma shanu na sani." Ya yi dariya, tari ya tsinke ta. Wuyansa ya zama kamar sillen kara a cikin riga. "Ranar da ubanka ya dasa gambar nan ina tsaye. Duk waɗanda suke wurin sun tafi, ni kaɗai na rage."

Wannan maganar Ɗanladi ya ɗauko ya kawo gida, ya yi ta juya ta. Me ya sa zai faɗa masa haka? Wato yana nuna masa ba shi da shaida ke nan.

Ranar Alhamis abin ya ƙara tsananta. Magini Abdulnasir ya ce a jira mai gida ya zo daga Kano ya ga awo, tsohon ya ce yau za a zuba kankare. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin darbejiya, ya zauna yana numfashi da ƙyar, bai tashi ba sai da aka cika ramin gefen Ɗanladi.

"Kin ga gaggawar? In siminti ya kama, magana ta mutu," Ɗanladi ya ce da Furera. "Gobe in an sauko daga Juma'a, wurin mai unguwa zan wuce."

Ba a kai sallar Juma'ar ba. Gari yana wayewa suka ji salatin Inna Uwaliya, matar tsohon, ta kan danga. Malam Hammadu ya idar da sallar asuba, ya jingina da bango yana lazimi, da ta kawo masa kunu ta tarar ya cika.

Ɗanladi ne ya kai karan awon kabari maƙabarta, har da shi a masu haƙa. A hanyar dawowa ya jera da magini.

"Allah ya jiƙan Baba, amma ya wahalar da ni," in ji Abdulnasir. "Ɗakin da muka yanka na gado da kujeru, yanzu in gado ya shiga an gode Allah."

"Kamar yaya?"

"Kullum na zo sai in tarar ya jawo igiya ciki. In ce, Baba, ai mun bar wa maƙwabci haƙƙinsa. Ya ce yashi ya rufe gamba, zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi ba zai tashi ranar ƙiyama da ƙasar mutane rataye a wuya ba. Gaggawar jiya ma don kada Abdulmumini ya zo ya mayar da ita waje ne."

Magini ne, Ɗanladi ya ce a ransa, kuma a gidan mamacin yake cin abinci. Washegari da rana, mutane suna zaman makoki a ƙofar gida, ya zagaya da fartanya ya yaye gefen yashin. Ga kututturen gamba nan. Tsakaninsa da fandisho jaki zai wuce da mangala bai goga ba.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya lura kankaren ya yi fari fat, har ya fara tsattsagewa a sama. Leburori ba su zo ba, kuma ba wanda ya tuna da ba shi ruwa a wannan rana. Ya koma gida ya ɗauko bokiti biyu, ya nufi rijiya.

Yana sawu na uku Abdulmumini ya zagayo, idonsa jawur, da buta a hannu. Ya dubi yashin da aka tona, ya dubi fartanya, sannan ya dubi Ɗanladi.

"Malam Ɗanladi, lafiya? Ko kwana biyu ba a yi ba har an fara awo?"

"A'a. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya," ya ce a taƙaice, ya juya ya koma wurin masu gaisuwa.

Ɗanladi ya karkata bokitin. Ruwan ya bi kan kankaren a hankali, yana shanyewa yana baƙi, har ya kai kusurwa.