Ruwan Farko a Ɗakin Baba Uba

Ni na matsa aka ɗauko mahaifina Baba Uba daga garinmu Bibemi bayan idonsa ya mutu. Manomi ne na gaske, amma ina makaho ina gona? Ya yarda ya zauna wurina a Garwa da sharaɗi guda, in zaman bai yi masa ba zan mayar da shi.

To, zafin Garwa a watan Afrilu bai raga wa Baba ba. Rufin kwano ya riƙa gasa tsohon nan, ya rame, ya fara zancen bukkarsa ta ciyawa mai sanyi kamar randa, da yadda mahaifiyarmu take yayyafa wa daɓen ruwa da rana. Hankalina ya tashi, don na san inda zancen ya dosa.

Fabien, wani magini maƙwabcinmu, shi ya kawo dabara. Tsofaffin jaridu ake niƙewa su koma kamar auduga, a cuɗa da maganin gara da na wuta, a zuba a saman silin. Na yi masa tsiya, na ce yanzu shara zai ɗora mana a ka? Ya yi dariya ya zuba. Wallahi ɗakin ya yi sanyi. Baba ya koma cin tuwo har da neman ƙari, ni kuwa ina ta yabon kaina a unguwa.

Ran nan bayan azahar aka yi ruwan farko, ruwa sosai. Da ya ɗauke na kai wa Baba shayi, ya taɓa hannun rigata ya ji ta jiƙe. Ya tambaya, na faɗa masa ruwa aka yi. Ashe takardar nan ba zafi kaɗai take tarewa ba, har ƙarar ruwa a kan kwano. Ga ƙofa da taga a rufe, bai ji komai ba.

Ya ajiye kofin.

“Raihana, tun da nake ruwan farko bai taɓa sauka ban sani ba. Ko bayan na makance, ni nake cewa yara su fito da iri.”

Na ce gobe Fabien zai kwashe takardar kaf. Tausayinsa ya kama ni.

Ya ce a'a, kada a ɓata aikin mutum, ɗaki ya yi kyau. In dai nemo masa motar Bibemi tun ƙasa da danshi.