Kunnen Hagu na Cima

Duk Tamaske babu wanda bai san kunnen Cima ba. Ni Hamsatu maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na daɗe da daina gulma a gidana. Ko cikin rumbu na shiga na yi raɗa, da safe sai ta leƙo ta gyara mini inda na yi kuskure. To, wannan Cimar ce likita ya rubuta cewa kurma ce.

Ga yadda aka yi. Mijinta Alhusaini ya tafi ci-rani Abijan, ya bar babur mai ƙafa uku a zaure, kaji na kwana a kansa. Da zama ya yi tsawo, aike kuma ya ja baya, sai Cima ta kori kajin, ta koyi tuƙi a filin ƙwallo, ta shiga kai albasar mata kasuwa. Gida ya fara ganin miya mai nama. Ana haka jandarmomi suka tare ta, suka ce ɗaukar kaya sai da farmi, wato takardar izinin tuƙi. In babu ita, babur ya koma wa kaji.

Ta tafi Keita. Ta ci gwajin tuƙi, ido lafiya lau, saura kunne. Likitan saurayi ne sabon zuwa. Ya tsaya bayanta ta dama, ya ce duk abin da ya raɗa ta maimaita. Ya ce albasa, ta ce albasa. Ya ce gishiri, ta ce gishiri. Da ya koma hagu sai kalmomi suka ƙare masa, ya duba takardunta ya karanto abin da ya gani.

"Raihana."

Shiru.

"Alhusaini."

Shiru. Ya ɗaga murya, ya sake ɗagawa har masu jira a waje suka ji. Cima ta kafa wa bango ido. Raihana 'yarta ce ta fari, Alhusaini kuwa mijinta, kuma a garinmu macen kirki ba ta kama waɗannan sunaye biyu da bakinta. Likita ya rubuta kunnen hagu ya mutu, aka hana ta farmi.

"Ke kuwa mi ya hana ki hwaɗa mai dalili?" na tambaye ta.

"In tsaya gaban yaro sa'an ƙanena ina mai bayanin mijina? Uwatai ba ta koya mai komi ba?"

Labari ya zaga gari. Mata suka riƙa zagayowa ta hagunta a bakin rijiya suna kwarma mata gaisuwa. Ni ma na yi sau ɗaya, ta kwana ba ta kula ni ba. Amma da na ga kaji sun koma kan babur, albasar mutane na tsiro a ɗaki, sai dariyar ta fita raina. Na sa ta gaba muka shigar da ƙara, abin da 'yan ofis ke kira rakur.

Ranar zama muka tarar da kwamiti a bayan tebur, shugabansu wani dattijo ne, Malam Abdulmumin, likitan kuma na gefe. Cima ta ja bakinta ta tsuke, don haka ni na yi bayani. Ban kai ƙarshe ba dattijon ya fashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Likita, ni da kake gani har na yi hurhura ban taɓa jin sunana bakin uwargida ba. 'Kai wane' nike, ko ran da na dawo daga Makka."

Likitan ya yi murmushi, amma bai ja da baya ba. "Na ji, ranka ya daɗe. Sai dai in na sa hannu yau don an ce kunya ce, gobe kurman gaske zai zo da tasa kunyar, jibi ya take ɗan mutane don bai ji oda ba. Sai na tabbatar kunnen nan yana jin abin da bai ji ba rannan."

Na ji haushinsa ƙwarai, musamman da yake gaskiya ya faɗa. Na mintsini Cima. "Hwaɗi ki huta, don Allah. Shina Abijan, ba ya ji."

"Ni ina ji," ta ce.

Aka zaunar da ita a kujera, aka toshe mata kunnen dama da auduga. Likita ya ja baya har jikin taga, ya yi raɗa.

"Raihana."

Na runtse ido, na ce shi ke nan, kaji sun ci gari. Sai na ji muryar Cima.

"Tana lakkwal wurin karatu. In ba ta tsaya sayen ƙosai ba."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Likita ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ƙara matsawa har bakin ƙofa, ya motsa leɓe kawai. Wallahi ni da ke kusa da shi ban ji komai ba, 'yan kwamiti ma sai duban juna suke.

Cima ta juya firgigit ta dubi ƙofar, kamar wani ne zai shigo. Ba kowa sai likita. Ta mayar da kai a hankali, ta gyara lulluɓinta.

"Bana ma bai zo ba," ta ce.

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ni kaina sai da na share ido, don shekarun nan duk ta katanga nake jin dariyarta, ban taɓa jin wannan ba. Likita ya dawo tebur ya sa hannu, Malam Abdulmumin ya buga hatimi.

A hanyar komawa na zauna ta hagunta a mota. Na yi niyyar tsokanarta, sai na fasa, na ce a zuciyata Allah ya dawo mata da shi.

"Amin," in ji Cima.