Wasan Ƙarshe da Mushe Alkasum Ya Kalla

"Ma… Ma…" Bakin Mushe Alkasum ya karkace yana neman kalmar, yawu ya taru a gefen leɓensa. Wasila, yarinyar da gidan rediyo ya turo, ta ƙara matso da wayarta kusa da bakinsa tana jira.

"Magarya," in ji Kyari daga bakin ƙofa. "'Yan garin Magarya ne suka ci gasar a shekarar, kuma ba takalmi a ƙafarsu."

Mushe ya lumshe ido, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna Kyari, alamar a tambaye shi.

Kyari mai sayar da kanwa da dabino ne a unguwar Zango. Bai shiga lakkol, wato makarantar boko, ba, bai kuma taɓa riƙe ƙwallon kwando ba ko da wasa. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Mushe Alkasum, tsohon malamin wasanni na lise, wato babbar sakandare, inda Mushe ake ce wa malami, wanda da shi aka kafa gasar basket, ƙwallon kwando ke nan, ta samarin makarantun jihar Damagaram. Tun suna da ƙarfinsu suke zama a dakali ɗaya bayan la'asar, Mushe na ta labarin gasa, Kyari na tsince dabino yana cewa "to" da "ikon Allah". Shi a zatonsa duk ta bayan kunne maganar take bi. Sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mushe a farkon bazara, harshe ya yi masa nauyi, sannan Kyari ya gane ashe labarin duk yana cikin kansa.

Haka aka yi hirar ranar. Wasila ta yi tambaya, Kyari ya ba da amsa, Mushe na kwance yana gyaɗa kai, in kuwa aka yi kuskure sai ya daki tabarma. Kyari ya faɗa mata yadda aka fara a filin ƙasa bayan azuzuwa, maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe ya zama kwando, aka kafa shi jikin tsohuwar ƙofar katako. Ya faɗi yadda 'yan Mirriya da Matamai da Gure da Tanut suke zuwa a bayan babbar mota, zaune kan buhunan gyaɗa, su kwana kan tabarmi cikin aji. Da ya ce 'yan Gure ne suka fara ƙwace kofin daga hannun 'yan birni, Mushe ya daki tabarma da ƙarfi, sai Kyari ya gyara ya ce Matamai.

Shekarar yunwa kuwa ba sai an tuna masa ba, don a gidansa aka yi ta. An ce a fasa gasar saboda babu abin ciyar da baƙi, Mushe ya bi gidajen Zango ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kowane gida ya ɗauki yara biyu. Wasu dogaye 'yan Tanut ne suka faɗo gidan Kyari, matarsa Larai tana amarya a lokacin, ta riƙa ƙara ruwa a miya tana kuka a ɓoye, yaran kuma suna cinyewa suna godiya. Sai shekarar da yajin aiki ya rufe makarantu aka rasa gasar gaba ɗaya. Kyari ya ce a shekarar kullum da safe Mushe yakan ɗauki tsintsiya ya je ya share filin, alhali ba mai zuwa.

Wasila tana naɗe kayanta ta ce ai ranar Asabar ne wasan ƙarshe na bana. 'Yan lisen cikin gari za su kara da yaran ƙauyen Dogo, karon farko da makarantar ƙauye ta kai nan, kuma wani Yakuba ne yake horar da su. Kyari ya ga idon Mushe ya buɗe. Yakuba tsohon ɗalibin Mushe ne, ɗan manoma da ya zo lise bai san hannun da ake riƙe ƙwallo da shi ba, Mushe ya mai da shi kyaftin.

Bayan ta fita, Mushe ya kama gefen rigar Kyari. Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito.

"Asabar. Ka kai ni."

Lubna, 'yar Mushe, ma'aikaciyar jinya ce a likita, wato asibiti, ita ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Da ta dawo aiki Kyari ya faɗa mata, ko zama ba ta yi ba ta ce a'a. Ta ce jininsa bai sauka ba, zafin bazara kuma ko mai lafiya yana kayarwa, balle cikin taro da ihu. Ta faɗa da ladabi, tana kiransa Baba Kyari kamar kullum, amma ta rufe maganar.

Mushe bai yi gardama ba. Ya juya fuska ga bango, da aka kawo kunu ya ƙi buɗe baki. Washegari ma haka.

Abin ya tsaya wa Kyari a rai. A rumfarsa ya auna wa wata mata kanwa a maimakon dabino. Larai ta ce masa kada ya shiga tsakanin uba da 'ya, in wani abu ya faru a hanya shi za a kalla har ƙarshen rayuwarsa. Ya san gaskiya ta faɗa. Ya kuma san zai iya samo adaidaita ya ɗauke shi lokacin da Lubna take wurin aiki, amma bai yarda ya yi wa yarinyar da aka haifa a gabansa haka ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kyari ya sami Lubna a tsakar gida tana wanke zanen gadon uban. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Lubna, ke kika san aikin likita, ni ban sani ba. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah. In ya zauna gida, zai tashi?"

Ta ci gaba da cuɗa zanen, ba ta ɗago ba.

"In ya faɗi a can fa, Baba Kyari? A gaban mutane?"

"Sai mu ɗauko shi. Mutanensa ne."

Ta matse zanen ta shanya. Ya jira har ya ga ba amsar da za ta zo, ya tashi ya koma gidansa yana ganin maganar ta mutu.

Ranar Asabar ana kiran la'asar sai ga yaro an aiko wai ya zo. Ya tarar an yi wa Mushe wanka, an saka masa tsohuwar shuɗiyar rigar wasansa wadda yanzu ta yi masa yawa, an goge ta tas. Lubna na tsaye da mayafinta, ta rataya jaka da gorar ruwa da magani. Ta ce tare za a je, kuma duk lokacin da ta ce a tashi, a tashi.

Suka sa shi a tsakiya cikin adaidaita, Kyari ya riƙe kafaɗar da ta mutu. Mai adaidaitan ya bi a hankali ta cikin kasuwa, 'yan kabu-kabu na wuce su suna ƙaho. Mushe na kallon gari kamar baƙo, tun da ya kwanta bai leƙo waje ba.

Filin ba wanda Kyari ya sani a labari ba ne. Siminti ne sumul an zana masa layuka da fenti, ga kiɗa na tashi daga manyan lasifikoki, ga 'yan makaranta maza da mata sun cika ko'ina suna ɗaukar hoto da wayoyi. Ba wanda ya san su. Wani saurayi mai tsaron ƙofa ya ce tsoho ya matsa gefe kada a ture shi. Ran Kyari ya ɓaci, har ya buɗe baki zai faɗa masa wane ne wannan, Mushe ya matse masa hannu. Aka samo kujerar roba suka zaunar da shi a inuwar wata bishiyar bedi, kusa da kwando.

Yakuba ne ya hango su. Dogon mutum ne, furfura ta fara fito masa. Yana cikin yi wa yaransa magana ya tsaya cak, ya ratso tsakiyar fili da sauri, ya durƙusa a gaban kujerar ya kama hannun Mushe da hannu biyu. "Mushe," kawai ya iya cewa. Mushe ya nuna masa yaran da haɓa, wato ya koma bakin aikinsa.

Aka fara. 'Yan birni sun fi tsayi, sun fi takalma masu kyau, suka yi gaba tun da wuri. Yaran Dogo siraru ne, rigunansu ba duka launi ɗaya ba, amma ba su gajiya, duk inda ƙwallo ta faɗi suna kanta. Kyari ya sha mamakin kansa. Wannan ne karon farko da ya zauna kallon wasan, amma yana gane kome. Ya san dalilin da alƙalin wasa ya busa, ya san wanda ya bar wurinsa, har ya ji kansa yana cewa a miƙa wa na gefe.

Can aka ture wani ɗan Dogo ƙarƙashin kwando, aka ba shi jifa daga layi. Yaron ya tsaya, kafin ya buga ƙwallon a ƙasa sai ya sa gefen ƙafarsa ya share gabansa, dama da hagu, sannan ya jefa. Ta shiga. Kafin jifa na biyu ya sake sharewa.

Kyari ya ji kujerar na girgiza. Ya juyo a tsorace, Lubna ma ta sunkuyo, sai suka ga dariya Mushe yake yi, rabin fuska na dariya, hawaye na bin ɗaya rabin.

"Tsakuwa," in ji shi. "Babu… tsakuwa."

Sai Kyari ya tuna. A tsohon filin ƙasa, in ƙwallo ta faɗa kan tsakuwa sai ta kauce, shi ya sa Mushe yake tilasta wa kowane yaro ya share gabansa da ƙafa kafin jifa. Ya koya wa Yakuba, Yakuba ya kai Dogo, ga shi yaron da bai taɓa jin sunan Mushe ba yana share siminti.

Da aka tafi hutun rabin lokaci 'yan Dogo sun matso, tazarar ta zama kaɗan. Lubna ta ba uban ruwa, ta taɓa wuyansa, ba ta ce a tashi ba. Shi ne da kansa ya ce, "Gida."

"Haba Mushe, yanzu fa wasan ya yi daɗi," in ji Kyari. "Ka bari mu ga ƙarshe."

Mushe ya dube shi da idon nan na tsokana da ya daɗe bai yi ba. "Kai… ka zauna."

Kyari bai zauna ba. Suka ɗauke shi, ihun fili na binsu har suka sha kwana.

Da safiyar Lahadi Yakuba ya zo da yaransa kafin motarsu ta tashi. Sun sha kashi da ɗan kaɗan a minti na ƙarshe. Yaran suka cika ɗakin, suka tsuguna suna gaisuwa a kunyace. Yakuba ya fara ba da haƙuri, Mushe ya katse shi, ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna hagunsa da ta mutu. Ya ce dukansu da hannun dama suke wasa, baɗi a koya musu hagu. Yakuba ya ce to, Mushe. Ranar ya sha kunu sosai, har ya nemi dabino, Kyari ya jiƙa masa ya bare ya riƙa sa masa a baki.

Litinin tsakanin azahar da la'asar numfashinsa ya canza. Lubna ta leƙa ta katanga ta kira Baba Kyari a hankali. Ya zo ya zauna a gefen kansa yana maimaita masa kalmar shahada, leɓen Mushe na motsi tare da shi, har ya daina. Kyari ya shafa masa ido ya rufe.

Ya fito tsakar gida. Abin da Larai ta faɗa ne yake ta dawo masa, ya kasa kallon Lubna. Ita ce ta zo ta tsaya kusa da shi, idonta jawur.

"Baba Kyari, tun da muka dawo ranar Asabar bai sake juya wa bango fuska ba," ta ce. "Allah ya saka da alheri."

Aka sa jana'iza washegari da hantsi don na nesa su iso. Kyari bai san yadda labari ya bazu ba, amma kafin rana ta ɗaga layin ya cika da mutanen da bai taɓa gani ba. Wasu da kakin soja, wasu da manyan riguna, wani da sandar dogarawa, wani ya zo daga Tanut a kan babur ƙura har gira. Galibinsu dogaye ne, masu furfura, suna gaisawa da sunayen da suka bari tun suna 'yan makaranta.

Bayan salla suka ɗauki makara suka nufi maƙabarta, suna karɓa-karɓa. Kyari na biye a gefe yana son ya sa kafaɗa, amma shi gajere ne, makarar kuma tana can sama da kansa, ko ya miƙa hannu yatsunsa kawai ke taɓa itacen. Ya gwada a gaba, ya gwada a baya, ya haƙura ya ci gaba da tafiya.

Yakuba, wanda ke riƙe da gaba, ya waiwayo ya gan shi. Ya yi wa sauran magana ƙasa-ƙasa. Sai dogayen nan suka rage sauri, suka lanƙwasa gwiwa, makarar ta sauko a hankali har itacen ya zauna a kafaɗar Kyari. Haka suka ci gaba da tafiya a rusune, tsofaffi da su, har suka wuce rumfunan masu dabino.