Ranar da Habsatou Ta Naushi Babanta

Barmo ɗan masunta ne daga Gaya. Kafin ya zo ya kafa teburin huluna da turare a Harlem, ya yi shekaru yana nutso a kogi da numfashi ɗaya. Shi ya sa ya yi ta dariya da ɗiyarsa Habsatou ta kai shi koyon nutso da tulun iska.

"Ke za ki koya mini ruwa? Ke da ba ki san ruwa ba sai na famfo?"

"Baba, wannan daban ne. In ka riƙe numfashi kana tasowa, iskar za ta kumbura ta fasa maka huhu."

"To, malama, na ji."

Ya dai gama koyon. Wata Lahadi suka bi jirgin masu nutso daga Brooklyn zuwa inda wani jirgin dakon kaya ya nutse tun yaƙin duniya na biyu. Suka bi igiya suka sauka. Ruwan kore ne, ga sanyi. Jirgin na kwance a gefensa, kifaye na shige da fice ta tagoginsa. Barmo ya tsaya yana kallon ramin da bam ya huda, ya ɗaga hannuwa yana wa waɗanda suka mutu a ciki addu'a.

Nan wani mai nutso ya wuce, ƙafarsa ta fizge robar shaƙar iska daga bakin Barmo. Jikinsa ya tuna Gaya. Ya datse baki, ya harba sama.

Habsatou ta cafko ɗamararsa. Ko kumfa ɗaya ba ta fita daga bakinsa, kuma yana jan ta sama. Babanta ne, don girmamawa ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Ta dunƙule hannu ta naushe shi a ciki.

Kumfa ta fito bul-bul. Ta cusa masa robar, suka tashi a hankali.

A kan jirgi ta durƙusa gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya daɗe yana shafa cikinsa, yana jan numfashi yana saki.

"Tashi, ɗiyata. Mutane na kallo." Ya miƙa mata tawul ɗinsa. "Amma in 'yan Gaya suka tambaya, kifi ne ya buge ni. Babba."